RABON TITI TSAKANIN MOTAR DA KE AJIYE DA KEKEN DA KE TAFIYA

An shirya wannan 'yar takarda ne domin hakimai da malamansu, saboda wata magana wadda ta ke ta da jijiyar wuya cikin manyan biranen duniya, wadda kuma ga dukkan alama ba za a daɗe ba za ta riƙa zuwa zaurukanmu. Maganar ita ce: idan titin unguwa ya yi wa jama'a kaɗan, wa za a bar wa gefensa? Mai mota ne, wanda ya ke so ya ajiye motarsa a ƙofar kanti ko ƙofar gida, ko kuwa mai keke, wanda ya ke so ya wuce lafiya ba tare da an banke shi ba? Ko wanensu yana da hujja, kuma ko wanensu talakan sarki ne. Za mu kawo labarin wani titi guda na birnin Toronto ta ƙasar Kanada, inda aka yi wannan shari'a da awo da ƙidaya, sa'an nan mu ɗan leƙa waɗansu garuruwa mu ga irin dabarun da suka yi.

Lissafin faɗin titi

Titi ba danƙo ba ne da za a ja shi ya miƙe. Gidaje da kantuna sun tsare shi dama da hauni, abin da aka ba wani kuwa daga hannun wani aka karɓe shi. Saboda haka kafin a shiga gardama sai a fara ɗaukar awo.

A ce ga titi mai faɗin ƙafa 40, watau kamar mita 12, daga wannan kwata zuwa waccan. Motocin da ke tafiya suna bukatar layi biyu, na zuwa da na dawowa, ko wane ƙafa 10. Ƙafa 20 ke nan sun tafi. Motar da aka ajiye a gefe tana cin kamar ƙafa 7. In an ajiye a gefe biyu, ƙafa 14 ke nan. Jimla 34, saura 6. Hanyar keke kuwa, in ana so ta yi amfani, ba ta kasa ƙafa 5 a ko wane gefe. Ƙa'idar da gwamnatin Ingila ta fitar a shekarar 2020 ita ma ta ce mita ɗaya da rabi shi ne mafi ƙanƙanta, mita biyu ya fi. To, ka ga ƙafa 6 ba za su ɗauki ƙafa 10 ba, ko wane irin malamin lissafi aka kira.

Amma in aka hana ajiye mota a gefe ɗaya kawai, sai lissafin ya zama 20 da 7, watau 27, saura 13. A ba kekuna 5 nan, 5 can, a sami rarar ƙafa 3 da za a bari tsakanin motocin da ke ajiye da masu keke. Titi ya ɗauki kowa, sai dai rabin masu ajiye mota sun rasa wurinsu. Kusan duk rigimar da a ke yi a kan wannan al'amari, a ko wace ƙasa, a kan wannan rabin ne.

Yana da kyau kuma a san girman abin da mota guda ta ke tsarewa. Tsawon wurinta kamar ƙafa 20 ne, faɗi ƙafa 7, watau kusan daidai da ɗaki mai ƙafa 12 tsawo 12 faɗi. Wurin da mota ɗaya ta tsaya yana ɗaukar kekuna takwas ko goma. Masana kuma sun lura motar gida ba ta cika yin tafiyar da ta wuce sa'a ɗaya ba cikin yini, sauran sa'o'i 23 a tsaye ta ke. Da wani zai zo ya gina ɗaki a bakin titin gwamnati, ai ran nan mai unguwa zai kai ƙararsa. Amma da ya ke wannan ɗakin yana da taya huɗu, ido ya saba da shi, ba mai cewa kome.

Abin da ya sa mai keke ke neman hanyarsa dabam

Wani zai ce, ai kekuna sun daɗe suna bin titi tare da motoci, tun zamanin da tsofaffi ke kiran keke basukur, me ya kawo raba hanya yanzu? Amsa ita ce motoci sun yi yawa, sun kuma ƙara sauri. A ƙasar Holan, wadda yau a ke yi wa kirari da kekuna, mutum kamar 3,300 suka mutu a haɗarin hanya cikin shekarar 1971 kaɗai, fiye da 400 daga cikinsu yara ne. Iyaye suka fito tituna suna kukan a daina kashe musu 'ya'ya, ga kuma tsadar man fetur ta 1973 ta zo, daga nan ne hukumomin ƙasar suka dage wajen gina wa kekuna hanyoyinsu.

Motar da ke ajiye ita ma tana da nata haɗarin, ko da ya ke ba ta motsi. Mai keke yana tafe tsakanin motocin da ke gudu da waɗanda ke tsaye, sai direba ya buɗe ƙofa bai duba baya ba. Ƙofar mota tana fitowa kamar ƙafa uku. Ko dai mai keke ya yi karo da ita, ko ya kauce ya faɗa gaban babbar mota. Wannan shi ne amfanin rarar ƙafa 3 ɗin nan da muka ambata. A Ingila har an sa cikin littafin dokokin hanya a 2022 cewa ya kamata direba ya buɗe ƙofa da hannun da ya fi nisa da ita, don jikinsa ya juya tilas ya ga abin da ke tahowa daga baya.

Akwai wata dabara mai kyau wadda birnin Niyok na Amurka ya fara aiki da ita a titinsa na tara a 2007, bayan an daɗe ana yin irinta a Turai. Maimakon motoci su jeru a bakin kwata kekuna su bi ta wajensu, sai aka juya abin: kekuna suka koma bakin kwata, motocin da ke ajiye suka matso tsakiya suka zama kamar katanga tsakanin mai keke da motocin da ke gudu. Motar da dā ta ke abin tsoro ga mai keke ita ce ta zama garkuwarsa.

Labarin titin Bloor

Bloor babban titi ne wanda ya ratsa Toronto daga gabas zuwa yamma. Kantuna ne da gidajen abinci jere a gefensa, gidajen zama na bayansu, jirgin ƙarƙashin ƙasa kuma yana bi ta ƙarƙashinsa tun 1966. Dā layi huɗu gare shi. Da safe da yamma, lokacin cunkoso, motoci na bin dukan huɗun, sauran lokaci kuwa a kan ajiye motoci a layukan gefe. Masu keke sun yi shekaru masu yawa suna roƙon a ba su hanya, masu kantuna da dama suna cewa in aka taɓa wurin ajiye mota ciniki ya mutu.

A shekarar 2016 majalisar birnin ta yanke shawara a gwada, ba a dawwamar ba tukuna. Aka zaɓi wani yanki mai tsawon kilomita 2.4, watau mil ɗaya da rabi, daga titin Shaw zuwa titin Avenue. Cikin watan Agusta aka shafa fenti, aka kafa 'yan turakun roba. Motoci suka koma layi ɗaya zuwa, ɗaya dawowa. Kekuna suka sami hanya a gefe biyu. Ajiye mota ya koma gefe ɗaya, wani wuri a kudu, wani wuri a arewa, don kada kantunan gefe guda su ɗauki asarar su kaɗai. Wuraren ajiye mota fiye da 130 suka tafi, kamar rabin abin da ke wurin ke nan.

Abin da ya sa labarin nan ya cancanci a ba da shi, shi ne ƙidayar da aka yi. Kafin a taɓa kome an ƙirga, bayan an yi kuma aka sake ƙirgawa a irin watan, don kada bambancin sanyi da zafi ya ɓata lissafi. Ga abin da aka samu. Masu keke a kan titin sun tashi daga kamar 3,300 a yini zuwa kamar 4,900. Ma'aikatan birnin ba su ɓoye ba cewa waɗansu daga cikin waɗannan ba sababbi ba ne, daga titunan da ke maƙwabtaka suka ƙauro. Aka kafa na'urorin ɗaukar hoto a mararraba, aka ƙirga sau nawa saura ƙiris a yi karo, aka ga abin ya ragu da kashi 44 cikin 100.

Masu mota kuwa sun yi asara, wannan ba shakka. Da farko tafiyar yamma, lokacin tashi daga aiki, ta ƙaru da fiye da minti takwas. Da aka gyara lokutan fitilun hanya, aka kuma hana juyawa a waɗansu mararraba, jinkirin ya sauko zuwa kamar minti huɗu da yamma, minti biyu da safe. Minti huɗu ba abin raini ba ne ga wanda ya ke bin hanyar kullum, kuma duk hakimin da zai ba jama'a wannan labari ya faɗi wannan sashen tare da sauran.

Sai maganar ciniki, wadda ita ce uwar gardamar. Birnin ya nemi lissafi daga wani kamfani wanda kuɗin masu saye da kati ke bi ta hannunsa. Lissafin ya nuna kuɗin da aka kashe a kantunan yankin ya ƙaru da kashi 4.45 cikin 100, na unguwannin da ke kewaye kuwa da kashi 3.73. Bambancin ba shi da yawa, ba kuwa za a ce hanyar keke ta azurta kowa ba. Abin da dai ya tabbata shi ne mutuwar cinikin da aka yi ta tsoro ba ta zo ba.

Me ya sa? Wata ƙungiyar bincike tare da malaman Jami'ar Toronto suka tsaya a bakin titi suna tambayar masu wucewa yadda suka zo. Sai aka tarar waɗanda suka zo da mota ba su kai ɗaya cikin goma ba. Mafi yawa da ƙafa suka zo, sauran a jirgi ko a keke. Da aka tambayi masu kantunan su kansu, kusan rabinsu da mota su ke zuwa aiki. Ashe mai kanti yana auna abokan cinikinsa ne da mudun kansa. Shi ya sha wahalar neman wurin ajiye mota da safe, sai ya ɗauka kowa ma haka ne. Ba ƙarya ya ke yi ba, kuskuren gani ne. Kuma ba a Toronto kaɗai ba. A birnin Barlin na Jamus an yi irin wannan tambaya a tituna biyu na kasuwanci, aka buga sakamakon a 2021: 'yan kasuwa sun zaci kashi 22 cikin 100 na masu saye da mota su ke zuwa, da aka ƙirga sai aka sami kashi 7.

Amma fa akwai kuka biyu waɗanda ƙidaya ba ta share su ba, kuma a ganinmu su ne suka fi ƙarfi. Na farko na masu kawo kaya ne. Mai saye yana iya zuwa da ƙafa, amma buhu hamsin ba ya zuwa da ƙafa, dole motar kaya ta tsaya kusa da ƙofa. Na biyu na tsofaffi ne da guragu da marasa lafiya, waɗanda tafiyar yadi ɗari ta ke zame musu aiki. Birnin ya ware wuraren sauke kaya da na sauke mutane, waɗansu a bakin ƙananan titunan da ke shigowa Bloor, duk da haka ba a ce kowa ya gamsu ba. A watan Nuwamba na 2017 majalisar ta ƙada ƙuri'a, mutum 36 suka yarda a bar hanyar dindindin, 6 suka ƙi. A 2020 aka ƙara mata tsawo wajen yamma.

Mai karatu zai zaci magana ta ƙare ke nan. Ina! A watan Nuwamba na 2024 gwamnatin lardin Ontariyo, wadda ke bisa birnin, ƙarƙashin Firimiya Doug Ford, ta yi doka a cire hanyoyin keke na Bloor da na waɗansu manyan tituna biyu, Yonge da University, bisa hujjar suna kawo cunkoso. Dokar ta kuma ce gari ba zai ƙara ɗauke layin mota ya ba kekuna ba sai da iznin lardi. Ma'aikatan birnin suka lissafa aikin cirewar zai ci dalar Kanada miliyan 48. Masu keke suka kai ƙara, a watan Yuli na 2025 alƙalin babbar kotun lardin ya yanke hukunci cewa cirewar za ta jefa rayukan mutane cikin haɗari ba tare da dalili mai ƙarfi ba, saboda haka ta saɓa wa tsarin mulkin ƙasar. Gwamnatin lardi ta ce ba ta yarda ba, za ta ɗaukaka ƙara. A lokacin shekara tara ke nan daga shafa fentin farko, hukuma biyu suna jan igiya a kan titi ɗaya. Wanda ya san yadda a kan yi in umurnin sama ya ci karo da shawarar gari, ba zai yi mamaki ba.

Dabarun waɗansu garuruwa

Birnin Sabil na ƙasar Sifen, wanda malamanmu suka sani cikin littattafan Andalus da sunan Ishbiliya, bai tsaya gwaji ba. Cikin 2006 da 2007 ya gina hanyar keke wajen kilomita 80 a haɗe da juna, ta kai 120 a 2010, mafi yawanta kuwa a kan wuraren ajiye mota aka shimfiɗa ta, dubbai daga cikinsu suka tafi. Cikin 'yan shekaru masu hawan keke suka ninka fiye da sau biyar. Hujjarsu ita ce guntuwar hanya wadda ta fara a nan ta ƙare can ba ta da amfani, kamar gada ce wadda ta tsaya tsakiyar kogi.

Amsterdam ta Holan kuwa lallaɓawa ta yi. Can mazauna unguwa da takardar izni su kan ajiye mota a titinsu. A 2019 birnin ya ce ba zai ƙwace takardar kowa ba, amma in mai ita ya ƙaura daga garin, ko ya sayar da motarsa, ko ya rasu, ba za a ba wani ba. Ta haka aka yi nufin rage wurare kamar 1,500 ko wace shekara ba tare da an tashi kowa daga inda ya saba ba.

Japan ta bi ta wata hanya dabam tun 1962. Dokarsu ta ce kafin a yi wa mota rajista sai mai ita ya kawo shaida daga 'yan sanda cewa yana da wurin ajiye ta wanda ba titi ba. Kwana da mota a kan titi kuma laifi ne. Watau wanda ya sayi doki shi zai nemi turke.

Akwai kuma wani shehin malami na Jami'ar Kalifoniya a Los Anjelis, Donald Shoup, wanda ya rasu a 2025, ya ƙarar da rayuwarsa kan wannan fanni, ya wallafa babban littafi a kansa a 2005. Ra'ayinsa shi ne wurin ajiye mota na kyauta ba ya taɓa isa, don wanda ya riga zuwa shi ke zaunewa har dare. Ya ce a sa kuɗi daidai gwargwadon da zai sa a riƙa samun gurbi ɗaya ko biyu ba kowa a ko wane jere, kuɗin kuma a kashe shi a unguwar da aka karɓe shi. Ya kan ba da misali da tsohuwar kasuwar garin Pasadena, inda 'yan kasuwa suka ƙi yarda da kuɗin ajiye mota, sai a 1993 da aka yi musu alkawarin kuɗin zai koma gyaran titinsu da fitilunsu da shara. Amfanin wannan ga zancenmu a fili ya ke. In gurbi ɗaya mota guda ta kan kwana a cikinsa tun safe har magariba, mutum ɗaya ya amfana. In aka ƙayyade sa'a ɗaya, mutum takwas ko goma za su amfana. Ta haka rabin wuraren da suka rage suna iya ɗaukar masu saye fiye da yadda dukansu su ke ɗauka dā.

Inda maganar ta shafe mu

Ba a ɗauko tsarin Toronto a dasa shi a Kano ko Zariya ko Katsina yadda ya ke. Su suna da jirgi a ƙarƙashin titi, mu ba mu da shi. Lungunan cikin birni kuwa, inda mota ɗaya ma da ƙyar ta ke shiga, ba su bukatar hanyar keke, abin da su ke bukata shi ne kowa ya tafi a hankali. Zancen ya fi shafar manyan titunan da ke zuwa kasuwa da makarantu da tasha da asibiti.

Gefen titinmu kuma ba mota kaɗai ke cinsa ba. Ga mai tebur, ga mai shayi, ga mai faci, ga 'yan ga-ruwa da kurarsu, ga babura, ga a-daidaita-sahu waɗanda suka cika Kano musamman bayan da aka hana acaɓa a 2013. Ran Jumma'a da ran kasuwa lissafi ya kan sake gaba ɗaya. Saboda haka fenti kaɗai ba zai tsare hanyar keke a nan ba, kafin mako ya zagayo wani ya kafa rumfa a kai. Sai an sa dakali ko turaku, an kuma nema wa waɗanda aka tayar wani wuri, don mai shayin nan ma da iyalinsa. Amma bukatar tana nan. Keke shi ne abin hawan ɗan makaranta da lebura da mai kai kayan lambu kasuwa, kuma tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 mutane da dama sun kakkaɓe tsofaffin kekunansu.

Tun daga gyaran ƙananan hukumomi na 1976 aikin titi ya bar hannun En'e. Yau ko wane titi ko dai na tarayya ne, ko na jiha, ko na ƙaramar hukuma, kuma mai titi shi ke da ikon raba shi. Amma in rigima ta tashi ba ofishin injiniya a ke fara zuwa ba, ƙofar mai unguwa a ke zuwa, daga nan sai dagaci, sai hakimi. Hakimi shi ne zai tara sarkin kasuwa da shugabannin direbobi da limamai da shugabannin makarantu ya ji ta bakin kowa. A tuna kuma wanda ya ke da mota ya fi sanin hanyar fada, ya fi kuma iya magana a gaban manya. Yaron da ke hawa keke zuwa makaranta ba zai zo zaure ba, sai an aika a kira ubansa ko malaminsa.

Aikin malamin hakimi a nan shi ne ƙidaya, kuma ba ta bukatar kome sai littafi da alƙalami da agogo. A fara auna faɗin titin a wuri uku ko huɗu, musamman inda ya fi ƙunci. Sa'an nan malam ya bi gefen titin da ƙafa sau ɗaya ko wace sa'a, daga ƙarfe bakwai na safe zuwa magariba, yana rubuta lambar ko wace mota da ya tarar a ajiye. Da yamma in ya jera shafukan zai ga lambar da ta fito sau ɗaya, ta mai saye ce ya zo ya tafi, da wadda ta fito sau goma, wannan ta mai kanti ce ko ma'aikaci, ko kuwa matacciyar mota ce da aka yar a wurin. Sau da yawa in aka nema wa irin waɗannan wani fili a baya, rabin matsalar ta kau. Wani malamin kuma ya zauna wuri ɗaya ya ƙirga kekuna da babura da motocin da ke wucewa, musamman lokacin zuwa makaranta da tashi. A tambayi masu shiga kantuna, ko mutum ɗari ne, da me suka zo. A rubuta lokacin da motocin kaya su ke zuwa da daɗewar da su ke yi, don in yawancinsu da sassafe su ke saukewa, ana iya ba su gefen titi a wannan lokacin kaɗai.

A yi ƙidayar ran kasuwa da ranar da ba kasuwa, a yi ta da rani a kuma sake da damina, don in ruwa ya cika kwata gefen da za a ba kekuna shi ne farkon nutsewa. In hukuma ta yarda da gwaji, a fara da abin da za a iya ɗaukewa, kamar duro da aka cika da yashi, a faɗa wa jama'a tun farko wata nawa gwajin zai yi da ranar da za a zauna a duba shi. A ajiye littafin ƙidayar farko a ofishin hakimi da kwanan wata da sa hannun malamin da ya yi ta, a aika da kwafi ɗaya ga sashen ayyuka na ƙaramar hukuma, ɗaya kuma ga majalisar sarki.